Mas'alar Harajin Lemo da Kayan Ƙwalam

  

Ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, ka sani a ranar ƙarshe ta shekarar 2021 shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan wata dokar kuɗi wadda ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abin sha mai zaƙi da ake yi a masana'anta. A watan Yuni na 2022 aka fara karɓa. Dalilin da hukuma ta bayar guda biyu ne: a rage shan sukari saboda teɓa da ciwon sukari, kuma a samu kuɗin yin hidimar lafiya da wasu ayyuka. Ba Nijeriya ce ta fara ba. Ƙasashe da yawa sun riga ta, wasu ma ba su tsaya kan lemo ba, har biskit da alewa da sauran kayan ƙwalam da maƙulashe suka ɗora wa.

To, ga mas'alar. Kuɗin nan guminka ne. Abin da ka saya da shi halal ne, babu malamin da ya ce lemo giya ne. Cikin da ka zuba shi kuwa naka ne. Shin ya halatta hukuma ta sa hannu a aljihunka da sunan tana tsare maka lafiyarka? In an tada wannan magana a majalisar samari, sai ka ji wani ya ce ai duk haraji zalunci ne, a wuce wurin. Wani kuma ya ce tun da likitocin duniya sun faɗa, magana ta ƙare. Dukansu biyu sun yi gaggawa. Ka zauna mu auna.

Shin akwai cutar?

Ba a yanke hukunci a kan jita-jita, saboda haka sai a fara tabbatar da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane fiye da biliyan 1 ne ke ɗauke da teɓa, watau ƙibar da ta wuce kima har ta zama ciwo. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane takwas. Daga 1990 zuwa wannan shekara, abin ya ninka fiye da sau biyu a cikin manya, a cikin matasa kuwa sau huɗu. Ita dai wannan hukuma ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, watau cokalin shayi 12, in da hali ma ya tsaya a rabin haka.

Yanzu duba kwalbar da ke hannunka. Lemon kola irin wanda aka saba yana ɗauke da sukari kamar giram 10 a cikin kowane mililita 100. Kwalbar rabin lita ke nan tana da giram 50 da ɗoriya. Watau kwalba ɗaya ta cinye maka rabon yini gaba ɗaya, ba a yi zancen shayin safe ba, ba a yi zancen burodi ba. Ka ɗauki kofi ka zuba sukari cokali goma sha biyu, ka dama da ruwa, ka miƙa wa abokinka. Wallahi zai tambaye ka ko lafiya. Amma da an sa masa launi da gas, an saka a firji, shi da kansa zai zaro kuɗi ya saya, har ya ce a ƙaro.

Sharrin sukarin ruwa ya fi na tuwo, ga kuwa dalili. In ka ci tuwo ciki yana cika ya gaya maka ya isa. Ruwan zaƙi wucewa yake yi, ciki bai san an yi ba, sai ka sha kuma ka ci abincinka cif-cif kamar ba ka sha komai ba. Sukarin ya afka cikin jini lokaci guda, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya kwashe shi, hanta ta mai da rarar kitse. Yau haka, gobe haka, shekara goma, sai gaɓoɓin jiki su daina jin kiran insulin kamar yaron da aka cika yi wa tsawa. Daga nan ciwon sukari ya shigo. Shi kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Yana taɓa ido, yana taɓa ƙoda, yana sa ƙaramin gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa, kuma, ka ji da kyau tun da kai mai niyyar aure ne, yana raunana namiji a wajen iyalinsa. A wajenmu in mutum ya ajiye tumbi sai a ce ya samu, hutu ya karɓe shi. Sau da yawa ciwo ne ke ginin gida.

In ka ce: Malam, mu da ke fama da yunwa, ina mu ina zancen teɓa, ai wannan ciwon Turawa ne. Sai mu ce maka rabin maganarka gaskiya ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma ma abin ya kai 57. Amma shi wannan bincike ɗin ya nuna mata 28 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A ƙiyasin 2021 kuma manya kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon sukari a Nijeriya. Cuta biyu ce a gida ɗaya. Za ka iya shiga gida ka tarar da yaro a rame, uwarsa na fama da hawan jini da sukari. Naira ɗari ukun da ta tafi kan lemo kuwa, da ƙwai aka saya wa yaron da ita, da an rage cuta biyu lokaci guda.

Saura mai cewa kuɗina ne, cikina ne, ina ruwan wani. Wannan magana ba ta tsayawa ko a shari'a ko a zahiri. A shari'a, jikinka amana ce aka ba ka, kuma hanin wuce iyaka a ci da sha yana nan a fili cikin Suratul A'arafi, ba sai an je neman tawili ba. A zahiri kuwa, ka tambayi duk gidan da aka yi jinyar mai ciwon ƙoda. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, kowane zuwa dubun dubatar naira. Wa ke biya? Ƙanin da ya sayar da babur ɗinsa, matar da ta sayar da gadonta, gonar gado da aka jinginar, da jama'ar masallaci da ake karanta wa takardar asibiti bayan sallar Azahar. Lokacin sha shi kaɗai ya sha. Lokacin biya dangi duka aka tara.

A nan sai mu ja kunnenka kaɗan. Ba kowane mai ƙiba ne ya jawo wa kansa ba. Akwai gado, akwai magungunan da ke sa jiki, akwai ciwon da ke hana motsi. Akwai kuma siriri kamar sanda wanda sukari ya riga ya kama bai sani ba. Kada wannan karatu ya zama maka lasisin yi wa ɗan'uwanka izgili.

Tsoron maksu

Tabbatar da cuta bai wadatar wajen halatta haraji ba. Asali a Musulunci dukiyar mutum tana da alfarma kamar jininsa, ba a karɓar ta sai da yardarsa ko da haƙƙi bayyananne. Kuɗin da masu mulki ke tatsa a hannun 'yan kasuwa ba da haƙƙi ba, shi malamai ke kira maksu, kuma zunubinsa babba ne. A cikin Sahihu Muslim, a ƙissar matar nan Bagamidiya, da mai karɓar maksu aka buga misali wajen nuna girman laifi. Mu a ƙasar nan mun san ɗacin abin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. Turawa suka zo suka ɗaure haraji da jangali da igiyar doka. Kakanninka sun ga an shanya magidanci a rana don ya kasa biya, sun ga wanda ya bar garinsu da dare saboda kuɗin ƙasa. Sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Saboda haka talakan da ya ji kalmar haraji gabansa ya faɗi, ba jahilci ne ya sa shi ba, tarihi ne.

Akwai wata hujja kuma da mai ƙin wannan haraji zai iya kawowa. An ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya yanka musu farashi, bai yanka ba, don gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. To, in an ƙi taɓa farashi don a sauƙaƙa wa mai saye, yaya za a taɓa shi don a tsananta masa? Tambaya ce mai nauyi, kada ka raina ta.

Amma malamai ba su rufe ƙofa ruf ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Imamus Shaɗibi Bamalike, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1388, duk sun yi bayanin cewa in baitulmali ya ƙare, ga kuma buƙata ta gama-gari wadda in an bar ta al'umma za ta halaka, shugaba adali yana iya ɗora wa mawadata gwargwadon abin da zai toshe buƙatar. Ka lura da sharuɗɗan, domin a cikinsu hukuncin yake: buƙata ta gaskiya, gwargwadonta, a kan masu hali, a hannun adali, kuma a kashe a inda aka ce. Ka tuna abin da ya faru a Masar gab da yaƙin Ainu Jaluta na 1260, lokacin da Tattar suka riga suka rusa Bagadaza. Sarki Ƙuɗuz ya so ya karɓi kuɗi a hannun jama'a don shirin yaƙi. Malam Izzuddini ɗan Abdussalami ya tsaya a kan cewa ba za a taɓa talaka ba sai baitulmali ya ƙare, kuma sarakunan yaƙi sun sayar da kayan ƙawarsu na zinariya sun dawo daidai da kowa. Abokan gaba na bakin ƙofa, amma malamin bai sassauta sharaɗin ba. Game da farashi kuwa, Shaihul Islami Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba ya rarrabe tsakanin sa baki na zalunci da sa baki na adalci, inda barin kasuwa sakaka zai cuci jama'a. Aikin muhtasibi tun asali ya haɗa da leƙa tukunyar mai abinci da ma'aunin mai awo.

Sai dai ka lura da wani abu. Waɗancan malamai suna magana ne a kan harajin da ake so ya cika baitulmali. Harajin lemo kuwa da'awarsa daban ce. Cewa yake yi shi magani ne, an sa shi don mutane su rage sha. In da'awar gaskiya ce, to nasararsa ita ce kuɗin da yake tarawa su yi ta raguwa, kamar yadda nasarar likita ita ce majinyaci ya daina zuwa. Hukumar da ta sa harajin sukari, sannan ta zauna tana murna kuɗin shiga sun ƙaru bana, ta zama abokiyar tarayyar mai sayar da lemo: kowace kwalba da aka sha tana da kamasho. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe. Da shi za mu auna abin da ƙasashe suka yi.

Abin da aka gani a ƙasashe

A Ingila an ba da sanarwar harajin a 2016, aka ce sai Afrilun 2018 za a fara karɓa, watau an ba kamfanoni shekara biyu su gyara. Kuma kamfani aka ɗora wa, aka yi shi hawa-hawa: lemon da sukarinsa bai kai giram 5 cikin mililita 100 ba babu ko kwabo a kansa, daga 5 zuwa ƙasa da 8 fene 18 a lita, daga 8 zuwa sama fene 24. Me ya faru? Kamfanoni suka ruga suka rage sukari don su tsere wa biya. Da farko gwamnati ta yi lissafin za ta samu fam miliyan 520 a shekara, kafin a fara karɓa lissafin ya sauko zuwa miliyan 240. Tsakanin 2015 da 2020 sukarin da ke cikin irin waɗannan lemuka ya ragu da kusan rabi. Baitulmali ya samu ƙasa da abin da ya zata, yaro kuwa ya sha kwalbarsa da rabin cutar. Ga harajin da ya gaskata da'awarsa. Amma kada a yi maka ƙari: wani bincike na jami'ar Kambirij da ya fito a 2023 ya ga raguwar teɓa kamar kashi 8 cikin 100 a 'yan mata masu shekara 10 zuwa 11, bai ga irinta a yara maza ba. Yana taimakawa, ba ya gama aikin.

A Meziko, ƙasar da ke cikin na gaba-gaba a duniya wajen shan lemo, an sa feso 1 a kan lita a Janairun 2014, kamar kashi 10 cikin 100 na farashi ke nan, da kashi 8 a kan kayan ƙwalam masu yawan maiƙo da zaƙi. A shekarar farko sayen lemo ya ragu da kimanin kashi 6, a ta biyu ya kusa kashi 10, kuma gidajen talakawa su suka fi ragewa.

Wannan magana ta ƙarshe tana da fuska biyu, mu ɗan tsaya a kanta. Masu goyon bayan haraji suna cewa madalla, ai talaka ne ciwon ya fi kassarawa tun da ba shi da kuɗin jinya, saboda haka shi ya fi amfana. Gaskiya ne. Amma ta ɗaya fuskar, me aka yi? An ɗauki bulala wadda ba ta jin jikin mai kuɗi, tana jin na talaka kaɗai. Alhaji ya cika firjinsa bai ma san an ƙara ba, leburan da ya wuni a rana yana ɗan jiƙa maƙoshi shi ya ji. Ga shi kuwa malamai cewa suka yi a ɗora wa mawadata. Abin da zai wanke wannan haraji daga zalunci shi ne abin da aka karɓa ya koma wa wanda aka karɓa daga gare shi, kuma a ba shi madadi. Ka ce wa mutum ya bar lemo ya sha ruwa, alhali famfon unguwarsu ya shekara bai ɗiga ba, sai ya sayi ruwan leda ko ya jira mai kura, wannan ba nasiha ba ce. Fara kawo masa ruwan.

Danmak kuwa ta nuna inda ake zarcewa. A Oktoban 2011 ta sa haraji a kan kitsen da ke cikin abinci, ya faɗa kan man shanu da cuku da nama, abincin gidan kowa. Mutane suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Jamus suna sayayya, 'yan kasuwa suka yi ta kuka, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka soke shi. Mu da muka san abin da ke bi ta Jibiya da Illela da Maigatari in farashi ya bambanta tsakanin ƙasa da ƙasa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Darasin shi ne a bambanta abinci da abin da ba abinci ba. Man shanu da nama da ƙosai suna gina jiki, yawansu ne ke cutarwa. Lemon kwalba kuwa in ka cire ruwa ba abin da ya rage sai sukari da launi, ba wanda zai kwana da yunwa don ya rasa shi. Duk ranar da ka ji an ce za a bi mai ƙosai da mai tsire da rasit da sunan yaƙi da teɓa, ka sani an koma gidan jiya.

Saudiyya ma a 2017 ta ɗora kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai gas, da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari. Mun kawo wannan ne don ka san ƙasashen Musulmi ma sun shiga, ba don ya zama hujja ba. Aikin wata ƙasa ba dalili ne na shari'a ba, kowace ce.

To, namu fa?

Ɗauki ma'aunin ka ɗora naira 10 ɗin nan ta 2021. A kwalbar rabin lita naira 5 ke nan. A 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, kwalbar ta wuce naira 300. Naira 5 cikin 300 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce sai ƙarin ya kai kamar kashi 20 kafin a ga canji na sosai. Wane saurayi ne ya taɓa mayar da kwalba cikin firji saboda naira biyar? Sannan kuɗin bai ɗaya aka yanka, mai sukari da yawa da mai kaɗan duk ɗaya, saboda haka kamfani ba shi da wata riba in ya rage. Na uku, dokar ba ta keɓe kuɗin ga asibiti ko ruwan sha ba, cikin babban asusu suke faɗawa, inda ba mai iya bin sawunsu. Bai hana sha ba, bai sa an rage sukari ba, ba a kuma ɗaure shi ga majinyaci ba. A ganinmu abin da ya siffantu da haka ya fi kusa da maksu, sai dai an sa masa farar rigar likita.

Wasu masu fafutukar lafiya suna kira a ninka shi sau da yawa. Niyyarsu mai kyau ce, amma ƙari kaɗai ba ya gyara shi. In an ƙara nauyi ba a gyara inda kuɗin ke zuwa ba, an ƙara wa talaka kaya ne kawai. Kuma akwai sharaɗin Malam Izzuddini, wanda ba a son tunawa. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kai wannan ba. Wanda bai cika nasa alkawarin ba, kuma in kansa ya yi ciwo jirgi yake hawa, da wane baki zai ce wa mai turin baro ya kawo nasa don lafiya? Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, a shekarar fari ta 18 bayan hijira, kansa ya fara hana wa mai da nama kafin ya nemi haƙurin kowa.

Saboda haka amsar mas'alar ita ce: ya halatta, da sharaɗi. A ɗora shi a kan masana'anta gwargwadon sukarin da ta zuba, domin wanda ya ci ribar abu shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin ɓarnarsa. A bar abincin talaka. A rubuta cikin doka cewa kuɗin na ruwan sha ne da gwajin sukari da allurar insulin, a kuma riƙa karanta lissafin a bainar jama'a kowace shekara. Wannan ba kiran tawaye ba ne, nasiha ce ga shugabanni, kuma kana da hanyar isar da ita. Ɗan majalisar da ke zuwa unguwarku neman ƙuri'a, in ya zo ka tambaye shi cikin ladabi: nawa aka tara daga harajin lemo tun 2022, kuma wane asibiti ya gani?

Inda hannun hukuma ba ya kaiwa

Ko da an gyara dokar ta zama yadda ake so, ba duk sukarin da ke shiga cikinka ne ke bi ta bakin masana'anta ba. Babu jami'in kwastan da zai tsaya a teburin mai shayi ya ƙirga cokali nawa aka zuba maka, da madarar gwangwani a kai. Babu haraji a kan zoɓon da aka ɗura wa sukari har ya yi danƙo, ko kunun zaƙi, ko furar da aka kashe ɗanɗanonta da sukari. Mun ga masu cewa sun bar lemon Bature sun koma na gida, alhali sukarin da ke cikin robar zoɓonsu bai gaza na kwalba ba. Jini bai san na gida da na waje ba.

Dubi azumi. Wata guda da aka ba mu don ciki ya huta, shi muka mayar watan cinikin lemo da ƙanƙara. Mutum ya wuni bai sa komai ba, ana kiran salla sai ya ɗaga kwalba ya juye sukari cokali goma sha biyu cikin hanji wayam. Dabino da ruwa da aka san Manzon Allah (S.A.W.) da buɗa baki da su suna gefe. Dubi walima da suna. An mai da darajar taro yawan katan ɗin lemon da aka sauke, har ango ya ci bashi don kada a ce ya gaza. Ku samari ku ne 'yan kwamitin buɗa baki a masallatai, ku ake aika kasuwa ranar ɗaurin aure. Kuɗin katan goma na lemo zai sayi ruwa mai sanyi da dabino da kankana ya yi saura. Za a yi gunaguni a taron farko, wata gwaggo za ta ce an yi rowa. A na uku an saba.

Wannan haraji yana da wata siffa da sauran ba su da ita: kauce masa halal ne, kuma ba ya buƙatar fasa-ƙwauri ko cin hanci. Ka bar kwalbar a firjin mai shago, ba ka biya kamfani ba, ba ka biya hukuma ba.

In kana son sanin inda kake tsaye, ga gwaji wanda ba ya cin ko sisi. Samu zare ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka ninka shi biyu, ka zagaya da shi cikinka ta wajen cibiya, kada ka shanye tumbi. In bakin zaren biyu sun haɗu, to da sauƙi. In sun ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa, ko da sauran jikinka siriri ne. In kuwa akwai mai ciwon sukari a cikin iyayenka, ko ka ga kana yawan fitsari da dare da ƙishirwar da ba ta yankewa, ka je asibiti da safe kafin ka karya a ɗiga jininka a na'ura. In ta nuna 126 ko sama da haka a ma'aunin miligiram, watau 7 a ɗaya ma'aunin, likita zai sa a maimaita wata rana don a tabbatar. Ka tafi da mahaifinka in zai yarda, shi ma a duba shi.